Tun 1870 aka ba su ƙuri'a, to tattakin 1965 na mene ne?

Sadiq_Fagge: Salam 'yan uwa. Don Allah masana tarihi ku warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Ina karanta tarihin zaɓe a Amurka sai na ga wai tun 1870 aka yi gyara na 15 a kundin tsarin mulkinsu, aka ce ba za a hana mutum jefa ƙuri'a saboda launin fatarsa ko don ya taɓa zama bawa ba. To in haka ne me ya fito da su Martin Luther King kan titi a 1965 suna neman ƙuri'a? Shekara 95 fa tsakani. Sannan wa ya kawo nasarar a gaskiya, zanga-zanga ce ko kotu ko kuwa shugaban ƙasa ne ya ga dama? Ni dai a ganina zanga-zanga ba ta taɓa ba kowa komai ba, sai masu mulki sun so.

Abba_Mai_Shayi: Hhhh Sadiq kamar ba ɗan ƙasar nan ba. Doka a takarda daban, abin da ake yi a ƙasa daban.

Barista_Hadiza: Wa alaikumus salam ƙanina. Da farko sun yi zaɓen fa, kar ka ɗauka ba a taɓa aiki da dokar ba. Bayan yaƙin basasa sojojin tarayya suna jibge a jihohin kudu, baƙaƙen fata maza suka yi rajista suka zaɓa aka kuma zaɓe su, har Hiram Revels ya zama sanata daga Mississippi a 1870. Da aka janye hannun tarayya a 1877 sai masu gandaye na da suka dawo da ƙarfinsu. Sun san ba za su rubuta "baƙi ba zai yi zaɓe ba" a doka ba, sai suka biyo ta bayan gida. Mississippi ce ta buɗe hanya a 1890, ta sa harajin ƙuri'a dala 2 a shekara, kuma sai ka karanta wani sashe na kundin jihar ko ka yi bayaninsa yadda mai rajista zai gamsu. Shi ke zaɓo maka sashen, shi ne kuma alƙalin ko ka ci ko ka faɗi. Bature ya zo a ba shi layi ɗaya mai sauƙi, baƙi ya zo ko malamin makaranta ne a zaɓo masa inda lauyoyi ma ke gumi.

Louisiana kuma a 1898 suka ƙara wata dabara, wai in kai ko ubanka ko kakanka kuna da ikon zaɓe kafin 1867 to an yafe maka jarrabawa. Wane baƙi ne kakansa ke zaɓe a lokacin, alhali yana cikin bauta? A jihar nan baƙaƙe masu rajista sun kai wajen dubu 130 a 1896, zuwa 1904 ba su fi 1,342 ba. Ka ga an ba su da hannun dama an karɓe da hagu.

Sadiq_Fagge: Ikon Allah. To kotu fa Anti, tana ina?

Barista_Hadiza: Kotun Ƙoli da kanta ta sa wa tsarin Mississippi albarka a 1898, ta ce ai dokar ba ta ambaci launin fata ba. Sai 1915 ta soke irin wancan na kaka. Sai kuma 1944 a ƙarar Smith da Allwright daga Texas, wadda lauya Thurgood Marshall ya tsaya wa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP, aka haramta zaɓen fidda gwani na farar fata zalla. Wannan babba ce, don a kudu lokacin jam'iyyar Democrat kaɗai ke cin zaɓe, wanda ya ci fidda gwani ya gama, babban zaɓe sunansa kawai.

Mal_Isyaku_Tarihi: Barista ta faɗi na takarda, bari in ƙara na bindiga da yunwa, don su ne ainihin katangar. A Wilmington ta jihar North Carolina a 1898 fararen fata ɗauke da makamai suka kifar da zaɓaɓɓiyar hukumar gari, suka ƙone ofishin jaridar baƙaƙe, suka kashe mutane. Juyin mulki ne sak a cikin Amurka. Kuma a Mississippi a shekarun 1960 in ka je rajista sai an buga sunanka a jarida har mako biyu, kafin ka dawo gida mai gonar da kake wa aiki ya sani, mai kantin da ke ba ka bashi ya sani.

Ku duba Fannie Lou Hamer. Matar nan tana da shekara 44 kafin ta san ma tana da ikon yin rajista, a wani taro a coci ta ji. Ƙarshen watan Agusta 1962 su 18 suka hau bas zuwa Indianola, aka ba su jarrabawar nan, a hanyar dawowa 'yan sanda suka tare motar suka ci direba tara wai launin bas ɗin ya yi kama da na motar makaranta. Da ta iso gida mai gona ya ce ko ta je ta janye sunanta ko ta bar masa gona, gonar da ta yi shekara 18 tana wa aiki. Ta bar gonar a daren. Shekara mai zuwa a gidan yarin Winona aka yi mata dukan da ya taɓa mata ƙoda da ido har ƙarshen rayuwarta.

Ummu_Hanifa: Allah sarki baiwar Allah. Wlh ban taɓa jin sunanta ba, kullum King, King.

Mal_Isyaku_Tarihi: To ai nan nake so a zo Hajiya. Ita kanta gwagwarmayar akwai saɓani a cikinta kan wannan. Ella Baker, wadda ta yi aiki a NAACP ta kuma riƙe ofishin ƙungiyar King wato SCLC, ba ta yarda da tsarin babban jagora ɗaya da kowa ke kallo ba. Ra'ayinta mutanen da suka san ƙarfinsu ba sa buƙatar wani gwarzo ya ja su. Ita ta tara ɗalibai a jami'ar Shaw a watan Afrilu 1960 aka kafa ƙungiyar ɗalibai masu fafutuka ta SNCC, ta kuma ba su shawara kar su zama reshen matasa na ƙungiyar kowa. Yaran nan su suka shiga ƙauyuka, su kwana gidan manoma, su bi ƙofa ƙofa suna lallashin mutum ɗaya ɗaya. Bob Moses ya fara a McComb a 1961, a shekarar aka harbe Herbert Lee, manomin da ke taimaka masa, da rana tsaka, kuma wanda ya harbe shi ɗan majalisar jiha ne, ba abin da aka yi masa.

Akwai kuma Septima Clark da makarantunta na koyar da manya karatu don su ci jarrabawar rajista, an fara a tsibirin Johns a South Carolina a 1957, malamar farko ma mai gyaran gashi ce, Bernice Robinson. An zaɓe ta ne don sana'arta ta kanta ce, ba Baturen da zai kore ta daga aiki. Ranar girbi kowa na gani, amma wanda ya yi sharar gona da huɗa ba a cika tuna shi ba.

Dan_Zinder: Malam duk na yarda, amma shekara nawa suna wannan ƙofa ƙofa ɗin, me ya canja? A 1964 har yanzu baƙaƙen Mississippi masu rajista ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba. Sai da aka daki mutane a gaban kyamara sannan doka ta fito. Ni a wajena talabijin ce ta yi aikin.

Yusuf_Atlanta: Ni na je Selma, garin jihar Alabama da aka fara tattakin 1965 ɗin, da iyalina, daga nan Atlanta tafiyar 'yan awoyi ce a mota. Abin da ba a gane wa a hoto, gadar Edmund Pettus tana da tudu a tsakiya, in kana hawowa daga cikin gari ba ka ganin abin da ke ɗaya gefen sai ka kai ƙololuwa. Wato mutum wajen 600 ɗin nan da John Lewis da Hosea Williams suka jagoranta ranar 7 ga Maris 1965, sai da suka hau sama suka hango 'yan sandan jiha jere da kulake, ga wasu a kan dawakai. Kuma suka ci gaba da sauka. Aka watsa musu barkonon tsohuwa, aka fasa wa Lewis kai, Amelia Boynton ta faɗi sumammiya a titi. A daren aka katse shirin talabijin aka nuna wa ƙasa. Ni da na tsaya a wajen, mota na wucewa ga iskar kogin Alabama, sai na ji ƙafata ta yi sanyi ina tunanin in ni ne da na juya.

Dan_Zinder ka yi gaskiya rabi. Amma me ya sa aka zaɓi Selma? Don 'yan SNCC da ƙungiyar masu zaɓe ta gundumar sun riga sun yi shekaru suna aiki a nan. Baƙaƙe wajen dubu 15 da suka isa zaɓe, masu rajista 'yan ɗari uku da wani abu, ofishin rajista kwana biyu kacal yake buɗewa a wata. Mutanen da suka fito gadar ba daga sama suka faɗo ba.

Sadiq_Fagge: To amma kun ga dai ƙarshe sai da shugaba Johnson ya sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe. Maganata kenan tun farko, sai mai mulki ya so.

Barista_Hadiza: Ya so ko an sa shi ya so? Shi Johnson ɗin a watan Agusta 1964 da Fannie Lou Hamer ke ba da shaida a babban taron Democrat a Atlantic City, ana nunawa kai tsaye, sai ya kira taron manema labarai na gaggawa don kawai a ɗauke kyamara daga kanta. MFDP, jam'iyyar da su Hamer suka kafa a Mississippi, ta je neman a zaunar da ita a madadin wakilan Mississippi farare zalla, aka ce za a ba su kujera biyu, suka ƙi. Bayan ya ci zaɓe ma ya nuna wa King a dakata da batun dokar zaɓe tukuna, yana da wasu dokokin a gaba. Sai ga Selma, kwana takwas bayan abin gadar yana gaban majalisa yana neman doka, 6 ga Agusta 1965 ya sa hannu. Zuwa 1967 rajistar baƙaƙe a Mississippi ta kusa kashi 60. Ban hana shi yabonsa ba, ya san majalisa kamar tafin hannunsa kuma ya yi aikin, amma ba shi ya tsara lokacin ba.

Ummu_Hanifa: Ku tsaya, duk maganar nan ta 1870 maza ne fa kawai ko? Mata fa?

Zee_Kaduna: Yauwa Anti, ina jira wani ya taɓo. Mata sai 1920 da gyara na 19, alhali tun taron Seneca Falls na 1848 suke nema. Abin haushin shi ne da tare suke tafiya da masu yaƙi da bauta, Frederick Douglass ma yana wajen taron ya goyi bayan mata su yi zaɓe. Da aka zo gyara na 15 aka ce maza baƙaƙe tukuna mata su jira, sai tafiyar ta rabe biyu a 1869, Elizabeth Cady Stanton da Susan B. Anthony suka ƙi goyon bayan gyaran, Lucy Stone ta goya. Stanton har maganganun wariya ta yi a lokacin marasa daɗin ji. Anthony kuma ta je ta jefa ƙuri'a a Rochester a 1872, aka kama ta aka ci ta tarar dala 100 ta ce ba za ta biya ko sisi ba, kuma ba ta biya ba.

A macin mata na Washington a 1913 aka ce wa Ida B. Wells ta koma layin baya tare da sauran baƙaƙe don kar matan kudu su ji haushi, ta ƙi, ta ɓace cikin 'yan kallo sai da tawagar jiharta Illinois ta zo wucewa ta shige tsakiyarsu. Saboda haka ko 1920 ɗin ma, yawancin mata baƙaƙe a Alabama ba su ga komai ba sai 1965.

Abba_Mai_Shayi: Mu ma nan arewa ai matanmu ba su yi zaɓen 1959 ba, sai 1976 aka ba su. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan. Kar mu zauna muna ta zagin Amurka kawai.

Alh_Garba_Sokoto: Abba kada ka haɗa, yanayinmu daban ne, al'adarmu daban.

Zee_Kaduna: Ranka ya daɗe Alhaji, wlh kalmar da 'yan majalisar kudancin Amurka suka riƙa faɗa kenan, a bar mu da al'adarmu 😂

Admin_Bashir: Jama'a a dawo kan tambayar Sadiq don Allah. Mai son na NEPU ya buɗe wani zaren daban, za mu zo.

Khalid_Tudun_Wada: Ni abin da ke ba ni haushi yadda ake share Malcolm X a labarin nan. A watan Afrilu 1964 ya yi jawabin nan nasa na ko ƙuri'a ko harsashi, ya ce wa baƙaƙe ku daina zuba ƙuri'arku ga jam'iyyar da ke riƙe da majalisa amma ta bar 'yan wariyar kudu suna shugabantar kwamitoci. Ya je Selma ranar 4 ga Fabrairu 1965 lokacin King na tsare, ya yi magana a cocin Brown Chapel, ya nuna wa matar King cewa ya zo ne don farare su gane in ba su saurari mijinta ba ga abin da ke jiran su. Kwana 17 bayan nan aka kashe shi. In ba don tsoron irinsu ba wa zai kula mai cewa a mare ka ka yi shiru?

Mal_Isyaku_Tarihi: Khalid a hankali. Ƙin ramuwa ba tsoro ba ne, dabara ce da aka yi wa horo, ana zaunar da mutum a zage shi a tofa masa yawu a koya masa yadda zai kare kansa da hannu in ana duka. Mutanen da ba su wuce kashi goma da ɗoriya na ƙasa ba su ɗauki bindiga kan gwamnati, ai an ba maƙiyi abin da yake nema. Amma inda zan ba ka gaskiya, a ƙauyuka manoman da ke saukar da 'yan SNCC da yawa da bindigarsu suke kwana a baranda, kuma a Louisiana an kafa ƙungiyar Deacons a 1964 musamman don gadin masu fafutuka. Da rana maci ba makami, da dare gadi. Abin ya fi yadda ake ba da shi cuɗewa.

Irin wannan saɓani ma tsoho ne. Booker T. Washington a jawabinsa na Atlanta a 1895 ya ce a fara da sana'a da dukiya a bar rigimar siyasa, Du Bois, wani masani baƙar fata, ya ce wanda ba shi da ƙuri'a da me zai kare dukiyar. Sai daga baya aka gano shi Washington ɗin yana biyan kuɗin lauyoyi a ɓoye ana ƙalubalantar dokokin hana zaɓe na Alabama.

Sani_Nima_Accra: Du Bois ai a nan wajenmu Accra yake kwance, a unguwar Cantonments, gidan da ya zauna an mai da shi wurin tarihi. Ya rasu 27 ga Agusta 1963, washegari aka yi babban gangamin Washington, a wajen taron aka sanar da mutane. King ma ya zo bikin 'yancin Ghana a 1957. Kuma a shekarar ce aka hana ministan kuɗinmu Gbedemah shan lemo a wani gidan abinci a Delaware, sai da shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don a wanke kunya.

Mahamat_Ndjamena: Mu ma jakadanmu na Chadi Adam Malick Sow haka aka yi masa a 1961 a hanyar Maryland, yana tafiya Washington miƙa takardunsa, ya tsaya shan kofi aka ce ba a sayar wa baƙi. To ku haɗa da yaƙin cacar baka, Tarayyar Sobiyat na yaɗa hotunan nan a duniya, ƙasashen Afirka na samun 'yanci suna shiga Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙuri'unsu. Wannan ma ya matsa wa Washington lamba. Sadiq ka sa shi a lissafi, masu mulkin ma wani abu ke sa su so.

Dan_Zinder: Kun ga kenan maganata ta kyamara ta dawo 😎

Yusuf_Atlanta: Ba ta dawo ba malam, kyamara ba ta ɗaukar titin da babu kowa. Kuma abin bai ƙare a 1965 ba fa. Ƙarfin dokar shi ne sashen da ya ce jihohin da aka sani da wannan hali ba za su canja ko wurin akwati ba sai sun nemi izinin tarayya. A 2013 a ƙarar gundumar Shelby ta Alabama, alƙalai 5 cikin 9 suka soke ma'aunin da ake tantance jihohin da shi, wai zamani ya canja. A ranar Texas ta ce za ta fara aiki da dokarta ta katin shaida. Yanzu rigimar ta koma kan katin shaida, rufe rumfuna, goge sunaye daga rajista da yadda ake yanka mazaɓu. Ni kaina akwai zaɓen da na yi awanni a layi, abokin aikina da ke wata unguwa ya ce shi shiga ya yi ya fito.

Alh_Garba_Sokoto: To neman katin shaida laifi ne? Mu nan ba ka zaɓe sai da kati har da yatsa.

Barista_Hadiza: Alhaji tambaya ce mai kyau, kuma Amurkawa da yawa har da baƙaƙe suna goyon bayan katin. Inda ake jayayya shi ne wane kati. Ba su da katin ɗan ƙasa guda ɗaya da kowa ke da shi, kowace jiha ke faɗin wanda ta yarda da shi. Dokar Texas ta karɓi lasisin riƙe bindiga amma ba ta karɓi katin ɗalibi ba. Daga nan ake fara tambayar wa aka nufa. Masu kare dokar su ce maguɗi suke toshewa, masu suka su ce a nuna maguɗin.

Khalid_Tudun_Wada: Kuma ko da aka samu ƙuri'ar me ta tsinana? Selma yau tana cikin garuruwan da suka fi talauci a Alabama. Shi ya sa Stokely Carmichael na SNCC ya ce a kafa jam'iyyar kai a gundumar Lowndes, mai alamar baƙar damisa, gundumar da baƙaƙe suka fi yawa nesa ba kusa ba amma farkon 1965 ko mutum ɗaya cikinsu ba shi da rajista. Ƙarshe ma ya tattara ya koma Gini ya zama Kwame Ture, a Konakiri ya rasu.

Mal_Isyaku_Tarihi: Ta tsinana mana. Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar da ya riƙa dukan mutane a ƙofar kotun Selma, a 1966 ƙuri'ar baƙaƙen nan ce ta fitar da shi daga ofis. Ga wanda aka daka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Talauci kuma King da kansa ya gane ƙuri'a kaɗai ba ta maganinsa, ai yajin aikin masu kwasar shara ya je mara wa baya a Memphis aka harbe shi a 1968.

Sadiq_Fagge: Na gode ƙwarai, na ƙaru wlh. Amma har yanzu ina nan kan cewa da Johnson ya ƙi sa hannu da duk wahalar ta tafi a banza. Ga shi ma alƙalai biyar sun zo sun rage dokar ba wanda ya iya hana su.

Zee_Kaduna: Sadiq kai dai taurin kai 😂 Wani ya ba shi labarin 'yan asalin ƙasar, su da aka tarar a wurin ma sai 1924 aka ce 'yan ƙasa ne, a Arizona da New Mexico sai 1948 kotu ta ba su zaɓe.

Ummu_Hanifa: Tsaya Zee, su kuma da wace hujja aka hana su? Ba harajin nan ba ne dai ko?

Barista_Hadiza: A'a Hajiya, nasu daban ne. Arizona cewa ta yi suna ƙarƙashin kulawar gwamnati kamar marayu, New Mexico ta ce ba sa biyan haraji. Wanda ya kai New Mexico ƙara ma tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu, Miguel Trujillo. Ina kotu da safe, in na fito zan kawo sauran.